Ba Na Tari, Amma Ciwon Yana Ƙirjina

Ni haifaffiyar Mai Wurno ce, garin nan na bakin kogin Nil Azrak da ke kudu da Sinnar a ƙasar Sudan. Kakanninmu na cikin mutanen da suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Suka biyo ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno da niyyar gabas, Allah Ya ajiye su a nan. A gida Hausa muke yi, a makaranta da kasuwa kuma Larabci. Aure ya kai ni Sinja, inda na daɗe ina koyarwa a firamare. Harsunan nan biyu su suka sa aka neme ni ranar da aka kawo na'urar hoton ƙirji, kuma ta sanadin haka aka gano ciwon tarin fuka da ke ci na ban sani ba.

Yaƙin da ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023 mun daɗe muna jin sa daga nesa. Da Wad Madani ta faɗi a Disambar shekarar, sai muka san ya matso. Ƙarshen Yunin 2024 ya shigo mana Sinja. Muka fita da abin da hannu zai iya ɗauka, ni da maigida da yaranmu huɗu da mahaifiyarsa, muka bi ta Dindir cikin ruwa da taɓo, har Allah Ya kai mu Gadarif. Abin da muka gani a hanya ba shi na zo faɗa ba yau.

A wata makarantar firamare aka sauke mu. Kowane aji iyalai ne a cunkushe, an raba wuri da zannuwa da buhunan dawa da aka farke. Maza suna kwana a rumfa waje, mata da yara a ciki. A watan Agusta kwalara ta ɓulla, hankalin kowa ya koma kanta, ga zazzaɓin cizon sauro yana ta kayar da yara. Tari kuwa ba ma a lissafa shi cikin ciwo. Ana girki da gawayi da itace, ƙura tana tashi, kowa da 'yar murarsa. Da sanyi ya fara shigowa sai aka bi tagogin ajin nan aka toshe da kwali da leda, don yara kada su sha sanyi, kuma don mata su samu sutura daga idon masu wucewa. Da dare in kin shiga za ki ji numfashin mutane ya cika ɗakin.

A lokacin na rame, amma duk matan ajin sun rame. Abinci sau ɗaya ake kawowa daga takiyya, wato wurin da ake dafa abincin sadaka, yawanci adas ne (wani ɗan ƙaramin wake) ko shinkafa, uwa kuma sai yara sun ƙoshi take sa hannu. Da yamma jikina yakan yi ɗumi, wani daren in farka rigata jiƙe da gumi alhali ana sanyi. In na ɗebo ruwa daga tanki sai na huta a hanya. Na sha maganin zazzaɓi, wata maƙwabciya ta ce ko kalazar ce, zazzaɓin nan mai kumbura saifa, tun da ƙasar Gadarif an san ta da ita. Tari kuwa ban yi ba, ko na gyaran murya. Asibiti kuma ba wurin da mai tafiya da ƙafarsa ke zuwa ba ne a wannan lokacin. Kuɗin raksha, wato babur mai ƙafa uku, kuɗin kati, kuɗin hoto, ga layin mutanen jihohi da dama da suka kwararo gari ɗaya. Ba uwar da za ta ɗauki kuɗin abincin yaranta ta kai wa mai hoto don kawai tana jin kasala.

Cikin Disambar 2024 shugaban kwamitin makarantar ya same ni ƙarƙashin bishiyar da nake tara yara ina koya musu karatu. Ya ce, "Ustaza, gobe ma'aikatan lafiya za su zo duba tarin fuka. Tsofaffinku ba duka ke jin Larabcin likita ba, kuma in ba daga bakin nasu suka ji ba, ba za su fito ba. Ki taimaka ki tsaya musu."

Washegari da hantsi suka iso da mota ɗaya. Ina sa ran ganin wani ƙaton ƙarfe irin na asibiti, sai na ga saurayi ya sauko da jaka a baya da akwati a hannu. Cikin ɗan lokaci ya kafa komai a ofishin shugaban makaranta: na'urar da ba ta fi ƙaramin akwatin rediyo ba a kan sanda mai ƙafa uku, wani allo mai faɗi da aka rataye daidai ƙirjin mutum, da ƙaramar kwamfuta a kan tebur. Da batir take aiki, ba ruwanta da wutar gari. Likitar da ke jagorantarsu mace ce, ta zaunar da ni ta yi mini bayani dalla-dalla don in iya mayar wa mutane.

Ta ce ƙwayar cutar ta iska take bi, daga numfashi da tarin mai ciwo zuwa huhun wanda ke kusa da shi, musamman a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Ba ta bin kwano, ba ta bin musabaha. Ta ce a ƙasashe da dama an bi gida-gida an gwada jama'a, sai aka tarar kusan rabin waɗanda ke da ciwon a huhu ba su kawo ƙorafin alamunsa ba. Shi ya sa tambayar "kana tari?" kaɗai ba ta isa, sai an leƙa ƙirji. Hoton yana fitowa a kwamfuta nan take, wata manhaja ta karanta shi, ta sa launi a inda take zargi, ta ba da lamba tsakanin 0 da 100. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da irin wannan manhaja ga 'yan shekara 15 zuwa sama, domin wurare irin namu ba su da ƙwararren mai karanta hoto. Amma ta ja kunnena in faɗa wa mutane cewa hoto ba shi ke yanke hukunci ba. Tsohon tabo ma yana fitowa, ciwon huhu na daban ma yana fitowa. Wanda lambarsa ta hau, kakinsa za a gwada.

Na fita na maimaita duk wannan da Hausa. Babu wanda ya motsa.

Ban ga laifinsu ba, har yau ma ban gani ba. Mutanen da aka tsayar a shingaye aka binciki wayoyinsu, in aka ce musu "hoto" dole gabansu ya faɗi. Mu kuma Hausawa da aka sha tambayar mu takardar ɗan ƙasa a garin da aka haifi iyayenmu, muna da namu dalilin na gudun duk abin da ake rubuta suna. Wasu mata suka ce sun ji hasken yana hana haihuwa. Wasu suka ce sai an tuɓe gaban namiji. Babban tsoron kuwa, wanda ba a faɗa da ƙarfi ba, shi ne duk wanda aka samu da ciwon za a kore shi daga makarantar, ga shi babu inda za shi. Na koma na tambayo, na dawo da amsa ɗaya bayan ɗaya: ba a tuɓewa, sarƙa da fil da laya da duk wani ƙarfe kawai ake cirewa, mace ce za ta tsayar da mata, hasken da ke shiga jiki kaɗan ne, kwatankwacin abin da mutum ke samu daga ƙasa da sararin sama a kwana 10 na zaman duniya, mai ciki ta faɗa tun kafin ta shiga, magani kyauta ne, ba a korar kowa.

Sai Inna, mahaifiyar maigida, ta yi magana daga kan tabarmarta. Ita ce ma mai tari a gidanmu tun damina. Ta ce, "Ke 'yar nan, mun ji. In dai abin nan ba cuta, ke ki fara shiga mu gani."

Na ce, "To, Inna." Na cire 'yan kunne da sarƙata na ba babbar 'yata, na shiga, aka bar ƙofa a buɗe don su gani daga nesa. Na jingina ƙirji da allon, na riƙe ƙugu, aka ce in ja numfashi in riƙe. Kafin in ƙirga uku an gama. Na juyo na ce wa mata, kun gani, ko zafi babu. Suka fara tashi suna karkaɗe zane.

Ina tsaye bakin ƙofa ina jera su sai na lura saurayin nan ya kira likita, sun sunkuya kan kwamfutar. Ta ɗago ta ce, "Ustaza, zo ki gani." A saman huhuna na dama akwai wuri da manhajar ta shafa wa ja, lambar kuma ta haye inda suka sa iyaka da nisa. Ta tambaye ni ko ina gumin dare, ko na rame, ko ina zazzaɓin yamma. Duk na ce e. Ƙafafuna suka yi sanyi. Ta ba ni takunkumi da ƙaramin gwangwanin roba mai murfi, ta ce in je bayan aji inda iska ke kaɗawa, in ja dogon numfashi sau da yawa, in yi ƙoƙarin fito da kaki daga can ƙasan ƙirji, ba miyau ba. Da ƙyar na samu abin da na samu.

Na dawo na ci gaba da tafinta har la'asar, takunkumi a fuskata. A raina na san in na ɓace daga bakin ƙofar nan layin zai watse. Mata suna kallon takunkumin suna kallon juna, ba wadda ta tambaya.

A ɗakin gwaje-gwaje na asibitin gari akwai na'urar GeneXpert, wadda ke neman ƙwayar cutar a cikin kaki, ta kuma nuna ko tana jin babban maganin da ake kira rifampicin. Aikinta bai fi awa 2 ba, amma sai washegari aka kawo mana sakamako. Ya tabbata ina da tarin fuka, kuma alhamdu lillahi irin wanda ke jin magani ne.

Daren nan ban runtsa ba, kuma ba mutuwa kaɗai nake tunani ba. Ina yarinya a Mai Wurno wani kawuna ya yi wannan ciwon. Aka ware masa ɗaki a ƙarshen gida, da kwanonsa da modarsa, aka hana mu yara zuwa wajen. Wasu suka ce sammu ne, aka yi ta rubutu da turare. Ina tuna muryarsa yana kiran sunayenmu ta taga mu kuma muna gudu. Haka ya rasu, kuma shekaru bayan nan in an zo neman auren 'ya'yansa sai an yi raɗa. Abin da na sani game da tarin fuka ke nan kafin likitar nan ta zaunar da ni, kuma shi ne abin da duk matan ajinmu suka sani.

Da asuba na faɗa wa maigida. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malama, Wanda Ya fito da mu daga Sinja da rai Shi Ya kawo mutanen nan har inda muke. Ki sha magani, sauran ki bar mini." Hoton Inna kuwa ya nuna tsohon tabo, amma kakinta ya fito babu komai, aka ba ta maganin wani ciwon ƙirji na daban. Ita ce ta ce a ba ta aikin tsare ni. Kullum bayan sallar asuba za ta miƙo mini ƙwayoyin da kofin ruwa, ba ta kau da kai sai ta ga na haɗiye, sannan ta sa babbar 'yata ta yi alama a kati. Tsohuwar nan ta riƙa cewa, "Ni na tura ki, ni zan ga ƙarshensa."

Ba ni kaɗai aka samu ba. Akwai wani dattijo da ya daɗe yana tari a rumfar maza, da wata matashiya 'yar garinmu Sinja da labule ɗaya ya raba shimfiɗarmu, da wasu a sauran azuzuwa. Nan take aka fara neman wanda ya shafa wa wani. Dangin matashiyar suka ce ni ce, tun da ni aka fara gani. Iyaye suka janye yaransu daga ƙarƙashin bishiya. Wadda muke shan jabana, wato gahawa, tare kullum ta daina miƙo mini finjali. Wannan ya fi ciwon yi mini zafi. Da likitar ta dawo na roƙe ta ta yi wa ajin magana, ni kuma in fassara. Ta ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa shaƙar ƙwayar nan, kuma takan kwanta a jiki shekara da shekaru ba ta yi komai ba, sai yunwa ko ciwon suga ko cuta mai karya garkuwar jiki ta raunana mutum sannan ta tashi. Don haka babu mai iya nuna wani ya ce shi ya kawo ta. Ta ce wanda ya fara magani yana sha daidai, bayan kamar mako 2 haɗarin shafa wa wani yana raguwa ƙwarai, wanda ba a gano ba shi ne abin tsoro. Sannan ta nuna tagogin da muka toshe ta ce a buɗe.

A kan tagogin nan an kai ruwa rana, domin sanyin Gadarif na asuba ba wasa ba ne ga yaron da ba shi da bargo. A ƙarshe aka yarda a cire kwalayen da rana, da dare a bar na sama a buɗe. Ni kuma na koma kwana a baranda makonnin farko. Aka duba yarana duka. Autana mai shekara uku ba a same shi da ciwon ba, amma aka ɗora shi kan maganin kariya na 'yan watanni, domin ƙananan yara in ta kama su takan hau har ƙwaƙwalwa. Tabon allurar BCG da ke hannunsa, likita ta ce, yana rage munanan nau'o'in ciwon ga yara amma ba ya toshe ƙofa gaba ɗaya.

Maganin wata 6 ne. Wata 2 na farko magunguna huɗu ne a haɗe cikin ƙwaya ɗaya, ana ba mutum adadin ƙwayoyi gwargwadon nauyinsa, sauran wata 4 kuma magunguna biyu. An gaya mini tun farko fitsarina zai koma ja-ja, kada in tsorata. An ce in na ga idona ya yi ɗorawa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya fara dishewa, in zo da gaggawa. 'Yan'uwana mata, ga abin da ba kowa ke faɗa muku ba: rifampicin yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa, don haka mai shan su ta gaya wa likita. Ni abin da na sha fama da shi tashin zuciya ne da ciwon gaɓoɓi, sai tafin ƙafa da ke yi mini zugi, aka ƙara mini bitamin B6 ya lafa.

Amma babbar wahalar ita ce yunwa. Da maganin ya fara aiki sai cin abinci ya buɗe mini, ga shi babu abin ci. Hoto kyauta, gwaji kyauta, ƙwaya kyauta, amma ba wanda ya zo da madara ko ƙwai. Maigida ya shiga dako a kasuwar riɗi, yayana da ke Jidda yana turo ɗan abin da ya samu ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, da su muka riƙa sayen gyaɗa da madara da wake. Na ga waɗanda ba su da yaya a Jidda suna haɗiyar ƙwayoyin nan cikinsu babu komai har azahar, suna layi don jiri. Duk mai shirin kai na'urar nan wani sansani, ina roƙonsa ya sa buhun abinci cikin lissafinsa, domin da yawan masu barin magani yunwa ce ke sa su bari.

Bayan wata 2 aka sake gwada kakina, ba a ga ƙwayar ba, sikeli kuma ya nuna na fara cikowa. Yara suka fara dawowa ƙarƙashin bishiya da kaɗan-kaɗan. Azumin 2025 ya kama a watan Maris ina tsakiyar magani. Na tambayi malamin da ke ja mana salla, ya ce, "Malama, mara lafiya Allah Ya yi masa rangwame, ki sha ki rama in kin warke." Haka na yi.

Tun Nuwambar 2024 sojojin gwamnati suka sake karɓe Sinja, kuma da Wad Madani ta dawo a Janairu sai motocin komawa gida suka yawaita. Kowa zuciyarsa ta tafi gida, nima haka. Bayan ƙaramar salla maigida ya ce zai je ya ga abin da ya rage na gidanmu. Na ce ni ba zan taka ba sai na haɗiyi ƙwayar ƙarshe, domin ban san halin da asibitocin can ke ciki ba, kuma an gaya mini katse magani shi ke koya wa ƙwayar cutar taurin kai, ta koma irin wadda maganin farko ba ya kashewa. Ya tafi da manyan yara biyu, Inna ta ce tana nan tare da ni. A watan Yuni na gama, gwajin ƙarshe ya fito lafiya, aka rubuta a katina cewa na warke. Na yi sujadar godiya a tsakar makarantar, mutane suna kallo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 mutum miliyan 10.8 ne suka kamu da tarin fuka, miliyan 1.25 suka mutu, alhali ciwo ne mai magani. In na ji wannan lissafin, mutanen da na sani nake gani: masu yankan riɗi da ke kwana a bukkoki a gonakin Gadarif, almajiran khalwa, wato makarantar allo, da ke kwana ɗaki ɗaya, masunta a ƙauyukan bakin kogi da ba su taɓa taka asibiti ba. Na'urar da mutum ɗaya ya goyo a baya za ta iya isa duk wuraren nan, kuma ina fata ta isa Mai Wurno da ƙauyukan da ke kewaye da ita.

Da muka dawo Sinja na nemi matashiyar nan da muke maƙwabtaka da labule. Mijinta ya taho da ita tun cikin watanta na uku, da ƙwayoyin 'yan kwanaki a jaka, ba su karɓi takardar da ake ba mai canza wurin karɓar magani ba. Da suka ƙare tana jin ƙarfi a jikinta, sai aka bar zancen. Na same ta kwance ta fi da ramewa, tana tari har da jini, jaririnta a gefenta. Na yi wa mijin magana a gaban mahaifinsa, na nuna musu katina. Muka kai ta aka gwada kaki, Allah Ya taimaka ƙwayar tana jin magani har yanzu, amma sai da aka sake mata daga farko, aka duba jaririn da sauran mutanen gidan. Yanzu kullum kafin in wuce makaranta ina biyawa ta gidansu, in miƙa mata ƙwayoyin, ta haɗiye a gabana, in yi alama a katinta. Saura mata wata biyu.